Ku Tambaya Mu Amsa: Mashin mara birki da kulob ɗin Manchesta da ba na ƙwallo ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan sanyi na Jos da ya shigo da ƙarfinsa bana. A fitowar da ta wuce ina cikin amsa tambaya kan tseren motoci sai na ɗan taɓo cewa a Ingila akwai wani tseren babur da ake yi a kan ƙasa kuma babur ɗin bashi da birki, layi biyu kacal na rubuta amma wallahi saƙonnin da suka biyo baya sun fi na duk sauran maganar yawa. To yau filin gaba ɗaya nasu ne. Na zaɓo guda biyar.

Tambaya ta farko, daga wani matashi a Anguwar Rogo:

Yaya barka da aiki. Dan Allah ka raba mana gardama, mun kai kusan sha biyun dare a teburin mai shayi muna musu. Ni nace ka rubuta mashin ba birki, abokina yace ƙarya ne ko dai akwai birkin a ɓoye. Ya mutum zai sha kwana da gudu ba birki bai mutu ba?

Amsa: Ƙanena ka koma ka karɓi shayinka, kai ne da gaskiya. Babu birki, ba a gaba ba, ba a baya ba, kuma ba mantawa akayi ba, doka ce ta hana a saka. Turawa na ce wa wasan sifidwe. Giya ɗaya ce tal a mashin ɗin, babu madubi babu fitila babu kik, turashi akeyi ya tashi. Filin kamar ƙwai yake, miƙe biyu kwana biyu, tsawonsa bai wuce mita 260 zuwa 425 ba, an shimfiɗa masa wata irin jar ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa ana yayyafa mata ruwa. Mutum huɗu ke fita a lokaci guda, zagaye huɗu zasu yi, kuma kullum hagu ake juyawa. Cikin kusan minti ɗaya an gama.

Yanzu maganar kwana, wadda itace ta hana abokinka barci. Kai da ka saba Boxer, in ka doso kwana sai ka rage wuta ka taɓa birki. Su kuma akasin haka ne, mutum yana tahowa da gudun da ya haura kilomita 100 a awa sai ya kwantar da mashin ɗin hagu ya ƙara totur, tayar baya ta ƙwace ta fara zamewa ta yi waje, shi kuma ya karkata kan mashin ɗin dama kamar wanda zai fita daga filin. Wannan zamewar ita ke cinye gudun kuma ita ke juya shi. Ƙafarsa ta hagu tana ƙasa tana jan ƙasa, da takalmin ƙarfe da ake ɗaurawa a ƙarƙashin but ɗin. Wato totur ɗin shine birkin. Kuma hikimar hana birki itace mutum huɗu ne manne da juna, tayar wannan na kusa da gwiwar wancan, in na gaba ya taka birki kwatsam to duka ukun da ke bayansa a kansa zasu ƙare.

Ni na gani da idona sau ɗaya. Wani ɗan yayata da ke zaune a Manchesta ya ɗauke ni wani daren Litinin, muka tsaya daidai kwanar farko. Abin da ya fara kama ni tun kafin a tashi ne: kowanne ya tsaya a layinsa ya sauko yana tonon ƙasa da dunduniya kamar kaza, yana tattakawa, yana gyara ramin da tayarsa ta baya zata kama. Sai suka jeru gaban wasu igiyoyi da aka miƙe, koren fitila ta kama, injina huɗu suka ɗauki kuka lokaci guda har cikin ƙirjina nake jin abun, igiyar ta yi sama, kafin in ƙifta ido sun iso gabanmu a karkace kuma tsakuwa ta watso mana a fuska da kan hula. Ga wani wari na man da suke ƙonawa, mai ɗan zaƙi-zaƙi, har yau in na tuna sai in ji shi a hanci. Kusa da ni wata tsohuwa ce da jikarta, ta ciro biro ta rubuta makin kowa a ɗan littafin da ake sayarwa a ƙofa, ba ta ko kalli allo ba.

Tambaya ta biyu, daga wani mai gidan kallon ƙwallo a Bukuru:

Malam, ni shekara ashirin ina bin Manchester United, na ɗauka na san garin nan. Ka ce akwai wani kulob mai suna Belle Vue a can. Wane ne su, me suka ci, kuma su waye manyansu?

Amsa: Alhaji wannan tambayar na daɗe ina jiran wanda zai yi mun ita, sai ka yi haƙuri zan ɗan ja.

Shi wasan a Ostireliya aka fi danganta farkonsa, a wani gari West Maitland a 1923, inda wani mutum Johnnie Hoskins ya sa masu babur suka zagaya filin baje koli. Ya shigo Ingila a Fabrairun 1928 a wani wuri High Beech kusa da Landan, kuma a wannan shekarar ta 1928 aka fara shi a Belle Vue. Sunan na wani katafaren wurin shaƙatawa ne a Manchesta mai gidan zu da lilo da wuraren rawa, wanda aka kafa tun 1836. Da farko a filin tseren karnuka na titin Kirkmanshulme Lane suka fara, a 1929 suka koma filinsu na kansu a Hyde Road, suka zauna a nan har 1987. Cikakken sunansu Belle Vue Aces, tambarinsu katin karta ne, wannan mai baƙin ganye uku, kalarsu ja da fari da baƙi.

Sun ci lig na Arewa a 1930 da 1931, sannan da aka haɗe ƙasar a lig ɗaya suka ɗauka sau huɗu a jere, 1933 zuwa 1936. Manyansu a lokacin su Eric Langton ne da Frank Varey da Bill Kitchen da Max Grosskreutz ɗan Ostireliya. Shi Langton a 1936, ranar da aka fara gasar zakaran duniya a Wembley, kunnen doki suka yi da Lionel Van Praag sai da aka sake musu tsere su biyu, ya sha kaye. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke filaye suka rufe ɗaya bayan ɗaya, Belle Vue ce kaɗai ta ci gaba da wasa har aka gama yaƙin, kuma wannan abu ne da magoya bayansu ke tinƙaho da shi har gobe.

Daga 1936 sai da suka yi shekara 27 kafin su sake ganin kofin lig, a 1963. A tsakanin nan ne Peter Craven ya fito, ɗan Liverpool, ɗan gajeren mutum da in ya hau mashin sai ya rataye a gefensa kamar zai faɗi amma ba ya faɗuwa. Ya zama zakaran duniya a 1955 da 1962. Labarinsa zan dawo kai a tambaya ta ƙarshe don can ne muhallinsa.

Sai zamanin da ni a ganina ba'a taɓa yin kamarsa ba. A 1969 Ivan Mauger ɗan Niyu Zilan ya baro Newcastle ya zo Belle Vue. Mutumin nan ba wai yafi kowa rawar kai a kan mashin bane, abin da yake da shi shine shiri, ya san injinsa, ya san ƙasar filin, kuma in igiya ta ɗaga shi ke fara isa kwana, in kuwa ya riga ka isa to sai dai ka bi ƙurarsa. Ya ci duniya 1968, 1969, 1970 a jere, shi ne ya fara yin haka, har wasu 'yan Amurka masu sonsa suka sa aka lulluɓe mashin ɗinsa da ruwan zinari, yana nan a gidan tarihi a garinsu Christchurch. Ya ƙara a 1972 da 1977 da 1979, shida kenan. Da shi Belle Vue ta ci lig 1970, 1971, 1972. Kuma ka lura Alhaji, 1972 ɗin nan itace shekarar da Mighty Jets ɗinmu ta Jos ta ɗauki lig ɗin ƙasa na farko a Najeriya. Duk sanda na zo kan shekarar nan sai zuciyata ta sosu, don su nasu yana nan da filinsa da magoya bayansa, namu kuwa yaran yanzu sai ka yi musu bayani kafin su gane wa kake nufi.

Mauger ya tafi Exeter a 1973 amma ya bar yaran gida a baya, Peter Collins da Chris Morton. Collins ɗan Manchesta ne, kuma shi ba gwanin tashi bane, sau da yawa shi ke fita na ƙarshe sai ya bi ta can waje dab da katanga ya riƙa tsince su ɗaya-ɗaya, filin Hyde Road kuwa da faɗi, ya bashi damar haka. Ya ci duniya a 1976 a ƙasar Polan. Shekarar da ta biyo, saura kwanaki kaɗan a yi gasar, wani murfin magudanar ruwa a gefen filinsu ya fasa masa ƙafa, da sanduna ya je Suwidin ana ɗora shi kan mashin, a haka ya zo na biyu bayan Mauger. Morton shi kuma ya yi wa kulob ɗin wasa daga 1973 har 1990, ba wanda ya kai shi yawan fita a rigarsu, kuma shi da Collins suka ciyo wa Ingila kofin duniya na 'yan bibbiyu a 1984. Lig ya sake zuwa a 1982.

Daga nan wahala ta shigo. Gidan zu ya rufe a 1977. A 1985 gobara ta tashi a filin ƙwallon Bradford City mutum 56 suka rasu, sai hukuma ta tsananta kan duk filin da rumfunansa na katako ne, Hyde Road kuwa katako ne. Ƙarshen 1987 aka sayar da shi, aka rushe, wurin ya koma kasuwar gwanjon motoci. Kulob ya koma gidan haya a filin karnukan da ya fara, ƙaramin fili mai matsatsun kwana, ya zauna daga 1988 zuwa 2015. A nan suka ci na 1993 a wasan ƙarshe a gidan Wolverhampton, da su Joe Screen. Jason Crump na Ostireliya ya ci duniya a 2004 yana sanye da rigarsu, amma kofin lig ya ƙi. Sun kai wasan ƙarshe a 2005 Coventry ta doke su, 2015 Poole, 2016 Wolverhampton, 2021 Peterborough. Kai da ke bin United tun bayan tafiyar Ferguson ka san irin wannan jiran, to su shekara 29 suka yi.

A 2016 suka tare a sabon filin da aka gina musu a unguwar Gorton, shi ne wanda na je. Ranar buɗewa ma an cika maƙil sai aka fasa wasan saboda ƙasar filin bata zauna ba, mutane suka koma gida rai a ɓace. Aka gyara. A 2022 suka doke Sheffield suka ɗauki kofi, da Brady Kurtz a kyaftin, koci Mark Lemon, a 2024 suka ƙara a kan Leicester. In ka haɗa da biyun farko na Arewa, 14 kenan.

Tambaya ta uku, daga wani bakanike a Dilimi:

Oga ina gaisuwa. Ni aikina mashin ne shekara sha biyar. Wane irin inji ne a ciki, fetur yake sha? In na samu tsohon Jincheng na cire birki na rage nauyi zai yi?

Amsa: Maigida sannu da aiki. Injin fistin ɗaya ne amma 500cc, ka kwatanta da Boxer ɗin da ke gabanka mai 100. Ba fetur yake sha ba, wani mai ne metanol, dangin sifirit, yana sa inji ya yi sanyi kuma yana jure matsi sosai, sai dai yana shanyewa da sauri, shi yasa tankin ɗan mitsitsi ne iya na zagaye huɗu. Kafireto ne da shi ba kwamfuta ba, kuloci kuma amfaninsa a wajen tashi ne kawai. Doka ta ce mashin ɗin kar ya gaza kilo 77. Da can injin JAP na Landan ake yayi, sai Jawa na ƙasar Cek da Weslake na Ingila, yanzu yawancinsu GM ne na Italiya.

Abin da zai burge ka shine tunda giya ɗaya ce, to bakanike ne giyar. Tsakanin tsere da tsere ƙasar filin na canzawa, ta bushe ko a ƙara mata ruwa, sai a cire sipirokat na baya a saka mai haƙori ɗaya ƙari ko ragi, a matsar da tayar baya gaba ko baya kaɗan, a canza jet, duk cikin 'yan mintuna don in alƙali ya kunna agogon minti biyu baka iso layi ba an cire ka. Na ga wani yaro bakanike durƙushe da sifana a baki hannu biyu na aiki, maigidansa na tsaye kansa da hular kwano yana nuna masa da yatsa abin da ya ji a kwana ta uku. Kai da ka iya gane ciwon inji daga kukansa, da a can kake da ka ci abinci sosai.

Amma maganar Jincheng, a'a. Ina roƙonka kar ka yi kuma kar ka yi wa wani. Firam ɗin ba iri ɗaya bane, nasu an ƙera shi ne don ya zame, kan yana juyawa sosai, tayar baya mai kaushi ce. Jincheng da aka cire wa birki Jincheng ne mara birki kawai, kuma a kan kwalta za'a hau shi cikin mutane.

Tambaya ta huɗu, daga wata ɗaliba a Jami'ar Jos:

Malam ni abin da ban gane ba, tsere ai na mutum ɗaya ne, ta yaya ya zama kulob da lig? Kuma me yasa bamu taɓa ganinsa a talabijin ba?

Amsa: 'Yata, kowane kulob na zuwa da mutum bakwai, a yi tsere 15 a dare ɗaya. A kowane tsere biyu daga nan biyu daga can, 'yan gida da hula ja da shuɗiya, baƙi da fara da rawaya. Na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ba komai. Kinga in naku biyu suka zo na ɗaya da na biyu kun samu 5 su 1, shi yasa gwani na gaskiya ba ya tserewa ya bar abokinsa, sai ya rage wuta yana waiwaye, shi ya tsare ciki abokin ya tsare waje su toshe hanya. Ƙarshen dare a tara. Ƙarshen kaka kuma manyan teburi su sake karawa gida da waje, a nan ne Belle Vue ta sha kukan da na lissafa a sama.

Rashin ganinsa kuwa, gaskiya wasan ya ja baya a Ingila. A 1981 mutum sama da dubu 90 suka cika Wembley kallon gasar duniya, yau kulob da yawa 'yan dubbai ko ɗaruruwa suke samu. Babbar cutar itace yawancinsu ba su da filin kansu, haya suke, ranar da mai fili ya ga kuɗin gina gidaje ko wata harka ya fi sai ya ce a tashi. Haka Coventry ta rasa nata, haka Wolverhampton da Peterborough a 2023. Yanzu Polan ce uwar wasan, can kuɗin yake can jama'ar take, ɗansu Bartosz Zmarzlik ya kamo Mauger a kofi shida. Shi yasa zaki ga mutum ɗaya Litinin yana Ingila, Talata Suwidin, Lahadi Polan, kulob uku ƙasa uku a sati guda. In kina da data ki nema a YouTube, akwai tsofaffin tseren Collins a Hyde Road, da su zaki fara.

Tambaya ta biyar, daga wata uwa a Gangare:

Malam ni ba tambaya nake ba, ƙorafi ne. Ɗana na biyu yau wata bakwai yana kwance, ƙafa ta karye wuri biyu, a wajen rakiyar amarya suna wasa da mashin. Mun kai shi wajen mai ɗori mun kai asibiti, har filin gadona na sayar. Yanzu kuma ka zo kana yabon masu gudu ba birki a mujallar da yaranmu ke karantawa. Ka ji tsoron Allah.

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya Ya tashi kafaɗunsa, Ya mayar miki da abin da kika kashe. Na karanta saƙonki ya fi sau biyar kuma ban ga laifinki ba ko kaɗan. Ni ma ba baƙon wannan ciwon bane. Yaron maƙwabcinmu da muka yi wa suna a ƙofar gidanmu, na goya shi, ranar wani ɗaurin aure ya ɗaga tayar gaba a kan titi jama'a na ihu suna zuga shi, mota ta fito daga lungu. Ni na riƙe kansa a bayan mota har asibiti, silifas ɗinsa ɗaya na hannuna ban ma san na ɗauko ba, kafin la'asar mun kai shi makwanci. Shekarunsa 19. Don haka in rubutuna ya yi kama da zuga, to ki saurari sauran.

Wasan nan yana kisa, ba zan ɓoye ba. Peter Craven da na ce zan dawo kansa, a Satumbar 1963 ya je wasa Edinburgh, wanda ke gabansa ya faɗi, ya kauce don kar ya taka shi sai ya daki katanga. Bayan kwana huɗu ya rasu yana da shekara 29, zakaran duniya sau biyu, ya bar mata da 'ya'ya, kuma a shekarar ce kulob ɗinsa ya ci lig ɗin da suka yi shekara 27 suna nema. Har yau Belle Vue na shirya gasar tunawa da shi. A 1978 kyaftin ɗinsu Alan Wilkinson ya faɗi a filin gida ya karya wuya, sauran rayuwarsa a keken guragu ya yi ta. Waɗannan ƙwararru ne masu kayan kariya, a filin da aka tanada.

Abin da nake so yaranmu su gani shine abin da mutanen nan suka yi bayan sun binne nasu. Katangar katako da waya da ake daka, yanzu an jera mata katifun iska a kwanoni. Akwai igiya ɗaure a hannun mai tuƙi, yana faɗuwa ta fizge injin ya mutu nan take. Ba'a fara tsere sai ma'aikatan lafiya da motar asibiti na tsaye a wurin, in motar ta tafi da wani to kowa ya jira. Mutum ya faɗi alƙali ya kunna jar fitila, duka a tsaya, wanda ya jawo faɗuwar a fitar da shi. Hular kwano dole, rigar kariya dole, safar hannu da but dole, lasisi dole, yaro kuma da ƙaramin inji yake farawa ana kallonsa shekara da shekaru. Kuma babu mota babu mai talla babu ɗan makaranta a hanyarsu, kowa gefe ɗaya ya nufa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan babu shi a rakiyar amarya. Wanda ke karkata mashin a titin Bauchi da silifas da mutum biyu a baya ba wasan da nake magana yake yi ba, kuma mu manya da ke tsayawa muna tafi da masu ɗauka a waya suna sawa a TikTok muna da kaso a jinin.

Sai dai Hajiya zan faɗi wani abu da na san ba kowa zai so ba. An hana going, wato acaɓa, a cikin Jos da Bukuru, an kama mashina ba adadi, iyaye sun yi faɗa malamai sun yi wa'azi, yaran nan basu daina ba. Ƙuruciya ce da son a gani, kuma wasunsu wallahi suna da hannu, na ga yaron da ke juya mashin a wuri ɗaya kamar da shi aka haife shi. Ga mu da filayen da haƙar kuza ta bari a kwance ta wajen Bukuru da Rayfield, jar ƙasa shimfiɗe ba mai amfani da ita. Ni burina a samu masu hali da hukumar wasanni da ƙungiyar masu mashin su kewaye wuri ɗaya, a sa doka mai tsauri, ba hula ba hawa, ba takardar yardar iyaye ba hawa, wanda aka kama yana wasa a titi a kore shi daga filin, sannan masu unguwa su haɗa baki cewa duk bikin da aka yi wasan mashin ango zai amsa tambaya. Ba irin na Ingila nake cewa a kwafo ba, wannan injin da kayansa sun fi ƙarfin aljihunmu, da mashinan da muke da su da birkinsu za'a fara.

In kin yarda ki sa a turo mun ta ofishin mujalla ranar da zan iya zuwa duba shi. Zan zo da ɗan littafin makin nan da na sayo a Gorton, har yanzu da jar ƙasar da ta fantsamo a bangonsa, in zauna da shi da abokansa da suke tare ranar, mu yi magana.

Masu tambaya kan gasar Polo ta Jos da dawakan da ake kawowa daga Ajantina, na ga saƙonninku, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.